Bikin da Muka Tono a Gonar Baba Pam

Duk shekara, idan sababbin ɗalibai suka shigo ɗakin aikin nan aka ce musu, "Ga Malama Rakiya, ita ce mai binciken yadda mutanen zamanin da suke cin biki," sai in ga kafaɗu suna rawa, ana danne dariya. Bana ma ɗaya daga cikinku ya kasa dannewa, ya ce, "Ma, ashe har digiri ake yi a kan cin shinkafa?" Ana yi, ɗana. Sai dai abincin namu an cinye shi tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, ba a rage mana ko loma ba. Abin da aka bar mana juji ne: fasasshiyar tukunya, ƙashi, toka da gawayi. A cikinsu ake so mu gano wa aka fara zuba wa, wa ya ci cinya, wa ya ci ƙafa, wa ya tsaya yana kallo.

Ku tuna bikin da kuka je na ƙarshe. A Dutse Uku inda na tashi, ƙaramar yarinya ma ta san wanda za a kai wa kula mai murfi da wanda za a miƙa wa roba. Ba wanda zai buɗe baki ya ce wane ya fi wane, amma kowa yana duba kwanon da aka ajiye a gabansa. Mutanen Rum da na Girka sun rubuta nasu, har da inda babban baƙo yake kishingiɗa da inda ake tura wanda aka gayyata don cike wuri, kuma na yi shekaru ina karanta su. Mutanen da nake bi a kan tsaunukan nan namu ba su bar rubutu ba. Sai dai a durƙusa a tona.

Aikin farko da aka ba ni baho ne cike da tsingaro, wato gutsattsarin tukwane. Malamina wani farfesa ne Bayarabe, iyayensa sun zo Jos tun zamanin haƙar kuza. Baba Tukunya kowa yake kiransa, shi ma yana amsawa. Hausarsa ta cikin gari ce, bai damu da bambanta mace da namiji ba. Ya turo mini bahon da ƙafa, ya ajiye wani allo da aka zana wa da'ira a cikin da'ira, daga ƙarama kamar bakin kofi har zuwa babba kamar bakin durom.

"Rakiya, ka ware mini baki kawai. Ciki da gindi, bar shi tukuna."

In kun sami guntun bakin tukunya, ko da bai wuce tsawon yatsa ba, sai ku kifa shi a kan allon nan, ku yi ta matsar da shi har lanƙwasarsa ta hau da'ira guda ta zauna daram. Wannan da'irar ita ce faɗin bakin tukunyar kafin ta fashe. Da faɗin baki da kaurin jiki ake kintatar girmanta. Da na gama awo sai Baba Tukunya ya ɗaga guntun ya ce, "Mutum nawa zai ci a wannan?" In na ce gida guda, sai ya ce, "Gidan wa? Gidanku ko gidan mai gari?" Watanni na yi a kan bahon nan da 'yan'uwansa kafin ya yarda in taka wurin tono, kuma sai da tafin hannuna ya yi kanta kamar na mai surfe.

Wannan cokalin ginin da kuke gani a kan teburina, lokacin da na saye shi faɗinsa ya kai tafin hannu. Yanzu ya koma kamar ganyen mangwaro, ƙasa ce ta cinye shi. Shi ne babban kayan aikinmu, sai buroshi, rariya, tef na awo, igiya da ƙusoshi na yanka fili gida-gida. Diga da shebur na ƙasar sama ne kawai, inda garma ta riga ta hautsina komai. Da an wuce nan sai kankara a hankali, ana kallon launin ƙasa, domin inda ja ya koma baƙi, a nan wani ya taɓa haƙa rami ko ya hura wuta. Kowane bokitin ƙasa sai ya bi ta rariya. Wani kuma mukan juye shi a durom na ruwa mu motsa, ƙonannun ƙwayoyin hatsi su taso sama, mu tace da yadi mai laushi. Ƙwayar acca da ta ƙone ba ta kai kan allura ba. Za ku zauna a gaban madubin da ke ƙara girman abu kuna tsince ta da bakin buroshi har wuyanku ya sage. Sannan in kun ga tsingaro da baƙin ƙanzo manne a cikinsa, kada ruwa ya taɓa shi. A kicin ƙazanta ne, a nan kuwa shi ne abincin kansa, shi ake aikawa ɗakin gwaji a gane ko kitse ne ko hatsi.

Kuna cewa aikinmu ba shi da kwastoma. Yana da su, kuma masu wuyar sha'ani. Mai ba da tallafin bincike yana so ya ga kan mutum-mutumi mai kyau wanda zai sa a bangon rahoto, ke kuma ki kawo masa haƙorin akuya a cikin leda. Mutanen ƙauye sun tabbata zinariya kike nema kina ɓoyewa. Waɗanda suka fi kowa tsanani su ne masu duba rubutu kafin a buga shi, ba ki san su ba, ba su san ki ba, sai dai takardarki ta dawo da tambaya guda: ta yaya kika san biki ne, ba sharar gida ce ta shekara da shekaru ba?

Shekarar da ta fi yi mana ɓarna ita ce wadda gari ya rikice aka sa dokar hana fita, bayan nan kuma makaranta ta daɗe a rufe. Ɗakin ajiyarmu yana kulle duk damina. Kwano ya yi yoyo, danshi ya kira gara. Da muka buɗe, buhunan kayan da muka tono a rani uku suna nan a jere yadda muka bar su, amma takardun da muka ɗaura wa kowane buhu, masu faɗin rami da zurfin da aka samo abin ciki, gara ta mayar da su gari. Baba Tukunya ya zaro wani kasko mai kyan zane, ya jujjuya shi a hannu.

"Yana da kyau," ya ce, "amma ya zama bebe."

Tsingaron da ba a san inda ya fito ba ba ya amsa tambaya. Aikin rani uku ya tafi ke nan, ɗalibai biyu suka sake maudu'i daga farko. Tun daga lokacin muke yanka gwangwanin lemo muna karce lamba a jiki da ƙusa, kuma kowane guntu sai an rubuta masa tasa da tawada. Shi ya sa nake sa ku rubuta ƙananan lambobin nan da kuke ƙorafi a kai.

Aikin da nake so ku ji labarinsa sosai ya zo ne daga wata gona a wani ƙauye bayan Kuru. Lokacin Baba Tukunya ya yi ritaya, ni ce ke jan tawaga. Mai gonar, Baba Pam, manomin dankali da acca ne. Yana haƙa ramin tara ruwa don noman rani sai ya ci karo da tukwane, 'yarsa malamar firamare ta aiko mana. Muka je muka gai da dagaci, ya haɗa mu da mai gona.

Baba Pam ya dube ni daga sama har ƙasa. "Malama, zinariya ne kuna nema?"

"A'a, Baba. Ƙashin akuya da fasasshiyar tukunya."

"Gwamnati ya biya ki ki nemi ƙashin akuya?"

"Ba ta biya da yawa, Baba."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya ce mu tona har ruwa ya sauka.

Ƙasa da ramin nasa kaɗan muka sami bakin wani tsohon rami, baƙar ƙasa a tsakiyar ja, cike da tsingaro da ƙashi tun daga sama har ƙasa. Muka kwashe shi hawa-hawa. Wata rana da hantsi ina zaune a ƙarƙashin rumfa ina jera bakunan tukwane a kan tabarma, sai na ga wani mai zane layi uku daga can saman ramin, na tuna na ga irinsa a buhun da ya fito daga ƙasan ramin. Na ɗauko na haɗa. Suka shige juna tsaf, ko gashi ba zai ratsa tsakani ba. Na yi guɗa, ni da ban iya guɗa ba, ma'aikata suka yar da kwanukan ɗiban ƙasa suka rugo suna zaton maciji ne. Kafin mako ya ƙare mun sami irin wannan haɗuwa da yawa. Tukunya guda ba za ta rabu rabi a ƙasan rami rabi a sama ba, sai in lokaci guda aka cika ramin. Ga amsar masu tambaya ke nan: ba sharar shekaru ba ce, ci ɗaya ne, kuma na taro, domin wasu tukwanen yaro zai iya ɓuya a ciki.

A gefen ramin muka buɗe dandalin da aka zauna. Ta gabas, kusa da wasu faffaɗan duwatsu, akwai ƙananan kasake baƙaƙe da aka goge har suna sheƙi, ba su da yawa, tare da ƙashin cinya da na kafaɗa. Ta yamma, wajen duwatsun murhu, sai muƙamuƙi da ƙafafu da kasake masu kaushi. Na ce shi ke nan, manya sun zauna a gabas, marasa galihu sun ci ƙafa a yamma. Na sa aka ɗauko Baba Tukunya a mota ya zo ya gani. Ya zauna a kujerarsa ta naɗewa, ya daɗe yana kallo.

"Zai yiwu," ya ce. "Ko kuma a wurin murhu ne aka yanka dabba, aka yar da ƙafa. Ka tabbatar mini."

Ana cikin haka masu haƙar kuza suka sauka a rafin da ke ƙasan gonar, da injinan ruwa da janareto. Ba su jima ba suka gane jijiyar kuzar ta bi ta ƙarƙashin gonar Baba Pam, ogansu ya zo ya yi tayin gonar gaba ɗaya. 'Ya'yan Baba Pam maza biyu suna so a karɓa, kuma ban ga laifinsu ba, domin cuta ta cinye musu dankali a daminar da ta wuce. Mu kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu na dandalin ba mu buɗe ba, kuma in aka fara saukar da rijiyoyin kuza a wurin, ba abin da zai rage. Baba Pam ya same ni a bakin rami ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Malama, in ruwa ya sauka, ku kwashe igiyan ku gaba ɗaya. Yara ya matsa mini."

A nan na yanke shawarar mu yi bikin da kanmu. A sana'armu ana yin haka: a ƙera irin kayan da aka tono, a yi amfani da su, a ga irin sharar da za su bari. Burina biyu ne, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Ina so in amsa wa Baba Tukunya, ina kuma so mutanen garin su ga da idonsu abin da ke kwance a ƙarƙashin gonar kafin a haƙe ta.

Tukwanen su ne wahalar farko. Akwai wata tsohuwar maginiya a garin, Ngo Kachollom, Ngo kuwa shi ne yadda suke girmama uwa. Na kai mata babbar tukunyar da muka liƙe da gam. Ta zura hannu har kafaɗa ba ta taɓo gindi ba, ta ce, "Wanda ya gina wannan, dogo ne." Ta farko da ta gina ta fashe a wurin gashi da ƙara kamar bindiga, kaji suka watse. Ta biyu ta zauna tun tana ɗanya. Sai na kawo mata tsohon tsingaro da gilashin ƙara girma, na nuna mata tsakuwa masu ƙyalli da ke cikin yumɓun. Ta ce ta san inda irin wannan yashin yake, a gindin wani dutse da kakarta take zuwa. Muka je da baro. Ta uku ta fito daga cikin tokar ciyawa lafiya lau, Ngo ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta yi amo kamar ƙararrawa. Daga nan ita da matan gidanta suka gina sauran, da kasake masu kaushi rututu, da baƙaƙe masu sheƙi 'yan kaɗan, daidai yadda muka samu a rami.

Dokokin bikin ba su da yawa. Ba roba, ba cokali, ba kujera sai ta Baba Tukunya saboda gwiwarsa. Ba za a share wurin ba sai mun auna komai washegari. Babbar dokar kuwa a kanmu take, ni da ɗalibaina: ba za mu ce wa kowa ga inda zai zauna ba, ba za mu ce a ba wane kasko kaza ba. Matan garin za su raba yadda suka saba, mu namu kallo. Aka kira mahauci Musulmi daga Kuru ya yanka awaki don kowa ya ci. Aka yi tuwon acca da gwate, aka dama kunu. Masu son abin da ya fi kunu ƙarfi sun yi nasu shirin a bayan duwatsu, ban tambaya ba.

Mutane suka zo fiye da waɗanda muka gayyata nesa ba kusa ba. Gwaggonnina suka cika bas daga Dutse Uku, sun ce sai sun ga bikin da ba amarya ba jariri. Wani darakta mai ritaya ya zo daga Rayfield, da ya ji ba kujera sai ya buɗe bayan motarsa ya fito da tasa. Makaɗa suka zo ba a kira su ba. Har ogan masu kuza ya zo da yaransa, aka ba su wuri. Ƙamshin nama a cikin sabuwar tukunyar ƙasa ya cika gonar, kuma ba wanda ya ce wa kowa komai amma manya suka taru a inuwar wata bishiya kusa da murhu, matasa suka ja baya.

Aka fara rabo. Baƙin kasko na farko ya tafi gaban dagaci, na biyu fasto, sai liman, sai darakta, sai Baba Tukunya, sai wasu dattawa biyu. Shi ke nan suka ƙare. Baba Pam kuwa yana can bakin hanya yana hana motoci hawa kunyoyin dankalinsa. Da ya dawo, wata yarinya ta miƙa masa tuwo a kasko mai kaushi irin na kowa. Ya dubi kaskon, ya dubi na gaban darakta. Ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya taka har ƙarshen gonar, ya hau wani dutse ya zauna ya ba taron baya. 'Ya'yansa suka bi shi. Na ga ogan masu kuza ya daina tauna yana kallonsu.

Na miƙe. Akwai baƙin kasko guda a cikin motarmu wanda na ajiye don nuna wa ɗalibai. Ban yi taku biyu ba Baba Tukunya ya tare ni da sandarsa.

"Ina za ka?"

"Baba, gonar za mu rasa."

"Kai ne ka yi doka. In ka sa hannu, ya zama biki kawai, ba bincike ba. Zauna."

"In aka haƙe wurin, binciken me zan yi?"

"Na ce zauna, Rakiya. Duba can."

Dagaci bai sa hannu a tuwonsa ba tukuna. Ya ɗaga kai ya dubi hagu da dama, ya tambaya da ƙarfi, "Ina mai gona?" Aka nuna masa. Dattijo ne mai jiki, sai da aka kama shi ya miƙe. Ya ɗauki baƙin kaskonsa da hannu biyu, ya bi ta tsakanin kunyoyi yana haki har gindin dutsen. Ya ajiye a gaban Baba Pam, shi kuma ya zauna a wani ƙaramin dutse da ke ƙasa da nasa. Kiɗa ya tsaya, don haka kowa ya ji abin da ya ce.

"Pam, mun yi kuskure. A gonarka muke. Sa hannu mu ci."

Baba Pam ya dubi kaskon, ya dubi dagaci. Sannan ya wanke hannu, ya yanki loma, ya tura kaskon tsakaninsu suka ci tare. Fasto ya ɗauki nasa ya nufi can, liman ya bi shi. Darakta ya duba ya ga inuwar ta zama ba kowa sai shi da Baba Tukunya, sai ya ɗora kujerarsa a ka, kasko a hannu, ya bi sahu da babbar rigarsa, gwaggonnina suna ta shewa. Makaɗa suka koma can. Mata huɗu suka ɗauki tukunyar gwate da tsumma suka bi su. Kafin a jima ƙarshen gonar ya zama tsakiyar biki, a cikin rana tsaka, inuwar da kowa ke so ɗazu ta zama ta awaki. Baba Tukunya yana dariya har tari ya sarƙe shi, yana buga sanda a ƙasa yana cewa ɗalibai, "Rubuta! Rubuta!" Ɗalibai biyu suka ɗauke shi da kujerarsa suka kai shi. Da la'asar na ga Baba Pam yana rawa, Ngo Kachollom tana gabansa da kan akuya a kasko, tana juyi ba ta zubar da ko ɗigon romo ba.

Washegari da safe muka ja igiya a kan dandalin bikinmu kamar yadda muke yi wa na mutanen da, muka auna inda kowane ƙashi da kowane guntun kasko ya faɗi. Abin da muka samu ya ishe ni rubutu na shekaru. Muƙamuƙi da ƙafafu suna wajen murhu, daidai kamar a tsohon dandalin, amma mun ga waɗanda suka ci su: Ngo Kachollom ce da manyan matan da suka yi girki, kuma rabonsu ne na girma, da wani ya taɓa da an yi rigima. Manyan baƙi hanta suka ci a wurin, ita kuwa ba ta barin ƙashi. Cinyoyin da aka ba su yawanci an naɗe musu sun tafi da su gida, duk da dokata, domin ba a raba gwaggonnina da leda. 'Yan ƙasusuwan cinyar da suka rage, karnuka sun ja su gindin duwatsu cikin dare. Baƙaƙen kasaken kuma suna can ƙarshen gona, inda ba wanda ya yi niyyar zama tun farko. Wannan bai nuna abin da mutanen zamanin da suka yi ba, domin mutanen yau ba su ba ne. Ya dai nuna mini hanyoyi da dama da ƙashi zai bi ya isa inda na same shi, kuma ya hana ni rubuta cewa duk wanda ya ci a bakin murhu talaka ne. Ni da Baba Tukunya kowa ya sami rabin gaskiya, muka yi ta musu a kan wanda rabinsa ya fi girma har Allah ya yi masa rasuwa.

Muna cikin awon nan sai ga Baba Pam da 'ya'yansa biyu, kowanne da dami a ka na ƙerana, itacen nan mai ƙaya da ake shingen gona da shi. Suka sauke a bakin tsohon ramin. Babban ɗan ya gaya mini sun yi magana da dagaci: za a ba masu kuza gefen rafi, can ƙasa, amma tudun nan ba za a taɓa shi ba, kuma in za mu dawo rani mai zuwa su biyun suna son aikin tono. Na ce sun samu. Har yau su ne ke riƙe mini rariya, kuma ƙaramin ya fi yawancinku ido.

Baba Pam ya fara haƙa ramin dashe da fartanya. Ya tsaya ya nuna baƙar ƙasar da haɓa.

"Malama, mutanen nan da suka ci abinci a nan, kakanni na ne?"

Na san amsar da yake so. Na ce, "Baba, ban sani ba. Sun daɗe ƙwarai. Zai yiwu naku ne, zai yiwu wasu ne da suka zauna a nan kafin ku. Ƙashi da tukunya ba su faɗa mini wannan ba, ba kuwa zan faɗa maka abin da ban gani ba."

Baba Pam ya dafa ƙotar fartanyar. Babban ɗansa ya dube ni kamar in janye maganar.

"To," in ji Baba Pam. "Ko ba nawa ba ne, a gona na suka ci. Baƙi na ne. Ba za a sa inji a kan baƙi na ba."

Ya soka ƙeranar farko a ƙasa, ya take gindinta da ƙafa, ya miƙa wa ɗansa hannu a ba shi ta biyu.